Fedar keke mai kama ƙafa: abin da ya kamata mai saye da mai gyara su sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda mai karatu zai iya yi wa dariya, amma wanda ya riga ya kai ni ƙasa sau biyu, ya kuma karya wuyan hannun ɗan maƙwabcina a cikin watan da ya wuce. Abin da nake nufi shi ne irin fedar nan ta keken hawan dutse wadda take riƙe takalmin mahayi, ta ƙi sakinsa sai ya san yadda ake fitar da ƙafa.

Duk wanda yake leƙa wurin masu sayar da kekunan gwanjo a Zinder ya ga yadda irin waɗannan kekuna masu ƙaton taya da giya da yawa suke shigowa daga Turai, kuma a cikinsu akwai masu wata 'yar feda ƙarama, dunƙulen ƙarfe wanda bai kai tafin hannun yaro ba, wadda silifa ba ya zama a kanta. Galibin masu saye sukan sa a cire ta a maye da ta roba, kuma ba su yi kuskure ba. Amma akwai matasa, har da wasu irina da furfura ta fara yi wa sallama, waɗanda suke neman takalmin da aka yi domin ita, ko a cikin kayan bosho ko ta hannun wani ɗan'uwa da ke waje, don su hau keke kamar yadda suke gani a talabijin. A ƙarƙashin wannan takalmi akwai wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure da ƙusa mai murɗi guda biyu, wanda masu jin Faransanci suke kira kal. Idan mahayi ya taka feda, kal ɗin ya shige tsakanin muƙamuƙi biyu na ƙarfe, sifirin ya matse shi, sai a ji wani ƙas, daga nan ƙafa da keke sun zama abu ɗaya.

Wannan dabara ba jiya aka fara ta ba. Da can 'yan tseren keke suna zura yatsun ƙafa ne cikin wani ɗan keji da ke gaban feda, su ɗaure da igiyar fata, wadda sai sun sunkuya sun sassauta ta da hannu kafin su tsaya. A 1971 kamfanin Cinelli na Italiya ya fito da wata feda da ke kulle takalmi ba tare da igiya ba, amma ita ma sai an kai hannu an buɗe ta. Kamfanin Look na Faransa, wanda sana'arsa ta asali ita ce ƙera maɗaurin takalmin masu sululu a kan ƙanƙara, shi ne ya fito a 1984 da wadda ake fita daga cikinta da murɗa diddige kawai, kuma Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France na 1985 da ita, abin da ya sa duniya ta yarda. A 1990 ne kamfanin Shimano na Japan ya yi irin ta keken hawan dutse da sunan SPD, da ƙaramin kal wanda yake ɓuya cikin tafin takalmi don mutum ya iya tafiya a ƙasa. Galibin waɗanda suke zuwa mana a gwanjo irin wannan ne. Na kawo wannan tarihi ne don a gane cewa 'yan tsere aka yi wa abin tun farko, mutanen da sukan yi sa'o'i suna gudu ba su sa ƙafa a ƙasa ba, ba wanda zai je cefane ba.

Faɗuwata ta farko ta kasance ranar wata Alhamis, kusa da kasuwar Dole, a lokacin da cunkoso ya kai cunkoso. Wani ɗan kabu-kabu ya gitta gabana, na matse birki, keke ya tsaya cak, kuma a nan ne na tuna cewa ƙafafuna ba nawa ba ne. Na fizga sama, ta ƙi. Na sake fizga, ta ƙi. Sai na ji ina karkata hagu sannu a hankali, ina ganin ƙasa tana zuwa, ba ni da abin yi, har na faɗi tim kamar buhun gero da keken a manne da ni. Ban ji ciwon kirki ba, sai ɗan gurzuwa a gwiwar hannu, amma kunyar da na ji ta fi ciwon, domin masu yi mini sannu suna yi suna danne dariya, wani dattijo kuma yana tambaya ko farfaɗiya gare ni. Ba su da laifi, tunda ba su taɓa ganin mutum mai lafiya ya tsayar da keke sannan ya faɗi a tsaye ba tare da ya ko miƙa ƙafa ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne cewa ni ne na yi wa fedar abin da aka ƙera ta domin ta hana. An yi ta ne musamman don kada ƙafa ta fita idan an ja sama, tunda mai tsere yana so ya ja kamar yadda yake dannawa. Hanyar fita da aka saba ita ce a murɗa diddige waje, a nesanta shi da jikin keke, tafin ƙafa yana kwance daidai, kamar mai murje kunama da ƙasan takalmi. Amma jikin ɗan Adam, idan ya firgita, sama yake jan ƙafa, kuma jan nan yana ƙara matse kal ɗin a cikin muƙamuƙin, sai murɗawar ta ƙara wuya. Kakana mahayin doki ne, yana cikin masu raka Sarkin Damagaram hawan salla, kuma na sha jin yana faɗa wa samari kada su cusa ƙafa gaba ɗaya cikin likkafa, domin wanda ya faɗi ƙafarsa tana ciki doki zai ja shi. Mutanenmu sun daɗe da sanin haɗarin ƙafar da ta maƙale a abin hawa, sai dai wannan sabuwar likkafa ba wanda ya zo mana da bayaninta.

Wani mai gyaran keke ne a unguwarmu, dattijo wanda ya taɓa zaman aiki a Kano, ya fara buɗe mini ido. Ya juya fedar a hannunsa, ya ce, “Malam, wannan ai wanda ya hau ta a can ɗan tsere ne, ya ɗaure ta tamau; ko ni na shiga sai an zo an fitar da ni.” Ya nuna mini wata 'yar ƙusa a bayan fedar, da alamar ƙari a gefe ɗaya da alamar ragi a ɗaya gefen, wadda ake juyawa da kile mai kusurwa shida na milimita 3. Idan aka juya ta wajen ragi sifirin ya sassauta, fita ta yi sauƙi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa fedar SPD ta keken hawan dutse fuska biyu gare ta, kowace fuska da ƙusarta, ke nan ƙusa huɗu ne a keke guda, kuma dole a daidaita su duka. Wanda ya sassauta fuska ɗaya ya manta da ɗayar zai riƙa fita cikin sauƙi yau, gobe ya maƙale, ya rasa dalili, ya ɗora wa kansa laifi ko ya ce kambun baka ne. Shawarar dattijon ita ce a kai dukansu ƙarshen ragi, a ƙirga ƙas-ƙas ɗin da ƙusar take yi idan za a ƙara, a ƙara daidai wa daida a ko'ina, kuma kada a yi ta juyawa da ƙarfi bayan ta kai iyakarta. Wannan kile kuɗinsa bai kai na tiyar gero ba, amma ban taɓa ganin mai sayar da keke ya haɗa wa mai saye da shi ba.

Shi kansa kal ɗin iri-iri ne, kuma a nan ne kayan gwanjo suke ruɗa mutane. Shimano yana da guda biyu da aka fi sani. Akwai baƙi mai lamba SH51, wanda ba ya saki sai an murɗa diddige gefe, akwai kuma mai launin azurfa mai lamba SH56 da harafin M a jikinsa, wanda yake saki ko da an murɗa diddige an haɗa da ɗan ja sama, wato irin motsin da firgitacce yake yi. Ga ɗan koyo, na biyun ne ya dace, ko da yake wanda yake tsalle da keke a kan duwatsu zai ga yana sakinsa a inda bai so ba. Fedar kamfanin Crankbrothers na Amurka, wadda ake shiga ta fuska huɗu, ba ta da ƙusar sassautawa ko kaɗan. A wurinta kal ɗin ne yake yanke hukunci, domin gwargwadon wanda aka sa a dama da wanda aka sa a hagu, ƙafa takan fita bayan murɗawar digiri 15 ko kuma digiri 20. Ta kamfanin Time na Faransa ma kal ne yake yanke yawan murɗawar, digiri 13 ko 17. Bambancin digiri biyar ba ya da yawa a takarda, amma ga mutumin da idon sawunsa ya fara tauri, shi ne tsakanin tsayawa da faɗuwa. Kuma kal ɗin wannan kamfani ba ya shiga fedar wancan yadda ya kamata. A kasuwarmu keke daban yake zuwa, takalmi daban, sai mutum ya haɗa su da ƙarfin tsiya, ya shiga da ƙyar, fita kuwa sai wani ikon Allah.

Faɗuwa ta biyu ta fi ba ni tsoro, domin a lokacin na riga na ɗauka na iya. Na fita da sassafe wajen Mirriya, tafiyar kilomita 18 ko makamancin haka, na bar kwalta na bi wata hanyar amalanke tsakanin gonaki. Da na isa wani wuri mai rairayi na murɗa diddigen dama kamar yadda na saba, diddigen ya juya, takalmin ya juya, amma ƙafar ba ta fita ba. Na faɗi cikin karangiya, kuma ko a kwance na kasa raba takalmin da fedar, sai da na kwance igiyarsa na zare ƙafata na bar shi a rataye. Da na duba sai na ga ɗaya daga cikin ƙusoshi biyu da ke riƙe da kal ta faɗi a hanya, saboda haka takalmin yana juyawa ne a kan ƙusar da ta rage, shi kuwa kal yana zaune a cikin feda bai motsa ba. Wannan ita ce mafi munin matsala a cikin dukansu, domin ba ta da alaƙa da gwaninta, kuma sassauta sifirin ba ya maganinta. Maganinta shi ne a ɗaure ƙusoshin nan biyu sosai da kile na milimita 4, a ɗan shafa musu giris a zaren kafin a ɗaure don kada su yi tsatsa su ƙi kwantuwa wata rana, a sake duba su bayan hawa na farko da na biyu tunda sabon ɗauri yana sakewa, sannan a mai da dubawar al'ada kamar yadda ake taɓa taya a ji iska. Alamar farko ita ce mutum ya ji sai ya murɗa ƙafa fiye da yadda ya saba kafin ta fita. Wanda ya ji haka ya sauka nan take ya duba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, ko in ce mu da makamantanmu na bakin Sahara. Turawan da suka ƙera wannan feda laka ce babbar damuwarsu, shi ya sa suke barin ramuka don taɓo ya fita. Mu kuwa rairayi ne da ƙurar hunturu, waɗanda suke shiga tsakanin sifirin da muƙamuƙi su sa su yi gurji. Abin takaici, al'adar da muka gada ta zuba baƙin mai a duk abin da ya yi ƙara a jikin keke ita ce take ƙara ɓata lamarin, domin man yana kama rairayi, su haɗu su zama wani ƙulli mai cin ƙarfe wanda yake hana muƙamuƙin buɗewa. Na ga fedar da aka cika da mai har ta koma kamar an tsoma ta cikin kwalta. Abin da na ga ya fi amfani shi ne a goge ta da tsohon burushin haƙori bayan kowace fita daji, a ɗiga mai mara kauri digo ɗaya a mahaɗar sifirin, a motsa, sannan a share duk wanda ya rage a waje da tsumma har ta bushe. Haka kuma ramin da kal yake ciki a tafin takalmi yakan cika da tsakuwa da ƙaya idan an yi tafiya a ƙasa, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta hana fita. Tafiya a kan duwatsun da suka kewaye Birni ko a kan jar tsakuwa tana cinye kal, kuma wanda ya ci yakan yi ɗayan biyu, ko ya riƙa saki ba a nema ba, ko bakinsa ya yi kaifi ya riƙa sarƙewa. Wani lokaci kuma robar tafin takalmin ce take da tudu har tana gugar jikin feda; wannan a ɗan rage ta da wuƙa, ko a sa siririn ƙarfe a ƙarƙashin kal ya ɗaga shi.

Bayan an gama da ƙarfe sai a koma ga ƙafar kanta, domin ita ma sai an hore ta. Ni a zaure na koya, na dafa bango, ina shiga ina fita har sai da ƙafar ta daina jiran umurni daga kai, daga nan na koma wani fili mai taushi da ba mota ba jama'a, na yi kwanaki ina tafiya ina tsayawa. Na lura fita ta fi sauƙi idan feda tana ƙasa, ƙafa a miƙe, domin a lokacin ne ƙugu da cinya suke taya idon sawu murɗawa, kuma ta fi wuya idan gwiwa a lanƙwashe take a sama. Na zaɓi ƙafar dama ta zama mai fara fita kullum, saboda a Nijar dama muke bi, kuma gara in karkata wajen bakin hanya da in karkata wajen tirela. Ina fitar da ita tun da sauran tazara kafin wurin tsayawa, in kuma karkata jikina wajenta, domin akwai faɗuwar da ta fi kowace ban haushi, wato mutum ya fitar da dama lafiya lau sannan keke ya rinjaya hagu inda ƙafa take a kulle. A rairayi mai zurfi ko hawan dutse keke ba ya yin gargaɗi kafin ya tsaya, don haka ko dai mutum ya sauya zuwa giya mai sauƙi tun daga nesa ya mai da nauyinsa baya ya wuce da ƙarfi, ko kuwa ya fitar da ƙafa ɗaya tun kafin ya shiga, ya ɗora tsakiyar tafin a kan feda ba tare da ya bari ta kama ba.

Ba ina cewa abin ba shi da amfani ba ne. A kan hanya mai gargada, inda keke yake tsalle, ƙafa ba ta zamewa daga feda ta bar maka tabo a ƙwauri, kuma a doguwar tafiya takalmin mai taurin tafi yana rage gajiya. Amma ra'ayina, bayan faɗuwa biyu da tsintar karangiya ta yini guda, shi ne cewa bai dace da hawa cikin garin Zinder ba. A garinmu mutum ba ya tafiyar mita 200 bai tsaya ba: ga babba da dole a sauka a gaishe shi, ga akuya, ga amalanke, ga yaran makarantar allo, ga lungunan Zango da Birni da ba a hango abin da ke tafe. Kowace gaisuwa fita ce daga feda, kuma a cikin fita hamsin ɗaya za ta ƙi. Ga salla sau biyar, kowace da kwance takalmi mai igiya da ƙarfe a tafi. Matasan da suke ganin hawa da feda ta yau da kullum ƙauyanci ne su sani cewa Sam Hill, mutumin Ostareliya, ya zama zakaran duniya a tseren gangarowa daga dutse a 2006 da 2007 da 2010 da feda shimfiɗaɗɗiya mai 'yan ƙusoshi, ba tare da wani abu ya kulle masa ƙafa ba. Wanda yake son duka biyu kuma akwai feda mai fuska ɗaya shimfiɗe da fuska ɗaya mai kamawa, irin M324 ta Shimano, ita na sa yanzu, in hau da silifa zuwa masallaci, in hau da takalmin ranar da zan fita daji.

Yaron maƙwabcina da na ambata a farko shekararsa 17. Ya tara kuɗi ya sayi kekensa da takalminsa a rana ɗaya, mai sayarwa ya nuna masa yadda ake shiga, bai nuna masa yadda ake fita ba, wataƙila don shi ma bai sani ba. Ya faɗi a kan kwalta a mararraba ta farko, ya tare da hannu, hannun ya karye, kuma Allah ne ya kiyaye motar da ke bayansa tana tafiya a hankali. Da na duba keken bayan an dawo da shi daga asibiti, dukan ƙusoshin huɗu suna can ƙarshen ƙari. In ɓera da sata daddawa ma da wari, domin ni da nake ganinsa kullum na san wannan duka ban kira shi na faɗa masa ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Roƙona ga masu sayar da kekuna shi ne, duk keken da ya zo da irin wannan feda, su tambayi mai saye ko ya taɓa hawa da ita. In bai taɓa ba, su mayar masa da ta yau da kullum, su ba shi waccan a leda ya ajiye, in kuwa ya nace, su kai sifirin ƙarshen ragi a fuska huɗu, su sa shi ya shiga ya fita a gabansu yana dafe da bango kafin ya bar wurin. Masu gyara kuma su nemi kile na milimita 3 da na 4 su ajiye cikin kayan aiki, su daina zuba wa wannan feda baƙin mai. Ku kuma, Malam Edita, idan kuka ga wannan wasiƙa ta cancanci fitowa, ina roƙon ku haɗa ta da hoton fedar ta baya, a zagaye ƙusar nan mai alamar ƙari da ragi, domin da yawa daga cikin masu gyaran da nake nufi ba za su karanta ba, amma idan aka nuna musu hoton a waya za su gane ta nan take.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga unguwar Birni, Zinder